Yadda na raba bindigar Baba da harsashin dalma

Ƙundun wata kirinjijiya ne ya jawo duk wannan maganar. Bara waccan da hunturu yara suka shigo min da ita gida a hannu, ba tarko ba harbi, wai sun tarar da ita zaune cikin kacala a bakin fadama ta saki fukafukai. Toh duk wanda ya san kirinjijiya ya san ba a kama ta da hannu, inuwarka kawai zata gani ta tashi tana wannan fiton nata. Na ɗaga ta naji ba nauyi, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa, bayanta duk koren kashi ya manne. Na duba jikinta kaf babu rauni ko ɗaya. Da muka yanka na tsaga ƙundun, cikin 'yan tsakuwoyin nan da suke haɗiya sai ga ƙwayoyin dalma guda uku, sun goge sun yi fale-fale kamar an murza su a dutsen niƙa. Ban buƙaci wani ya faɗa min ko mene ne ba, irin na cikin harsashina ne, kuma a wannan ɓangaren fadamar mu uku ne kacal muke harbi.

Garinmu yana cikin fadamar Haɗeja ta wajen Kiri Kasamma, ba nisa sosai da gandun Baturiya, amma gandun na gwamnati ne bama shiga da bindiga, Baba ma bai taɓa shiga ba. Mu namu harbin a bakin gonakin shinkafa ne, daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen sanyi, lokacin da kirinjijiya da dinya suke sauka cikin dare su yi wa manoma ɓarna, ga kuma ƙananan agwagin nan baƙi da suke tasowa tun daga Turai da Rasha su yi hunturu a wajenmu. Ni manomi ne, harbin gado ne kuma yana kawo nama gida, shikenan.

Na ɗauki hoton ƙundun na tura wa ɗan yayata ta WhatsApp, yana karatun likitan dabbobi. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira, yace Kawu don Allah kar a ci wannan naman, kuma kar a yar wa kare ko ungulu, a binne. Shi ya zauna ya warware min abin da ido na ya gani. Agwagwa bata da haƙori, ƙundu ke mata tauna, shi yasa take tsintar tsakuwa a ƙasan ruwa, kuma ƙwayar dalma a cikin taɓo bata da bambanci da tsakuwa ko ƙwayar ciyawa a wajenta. Tana haɗiya ƙundu ya dinga niƙa ta, tsamin ciki ya narkar, gubar ta shiga jini. Cikinta ya daina aiki, ta rame, ta kasa tashi, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta cikin sati biyu ko uku. Sannan shirwa ko mikiya ko ungulu su ci mushen su ma su kwasa. Yace Kawu ku kuna ƙirga wadda ta faɗo ne kawai, wadda ta je ta mutu cikin ciyawa ba wanda ke ƙirga ta.

Daren nan na kasa bacci ina ta lissafi. Harsashi ɗaya irin wanda nake saya giram 32 na dalma ne a ciki, ƙwaya sama da 200, in an yi sa'a biyar ko shida ne ke samun tsuntsu, sauran duk ruwa suke komawa. Kwali ɗaya harsashi 25, giram 800 kenan. In na harba kwali biyar a hunturu ɗaya na zuba kilo 4 na dalma a fadamar da muke kamun kifi, shanu su sha, yaranmu su yi wanka. Kuma dalma bata ruɓewa, wadda Baba ya harba tun ina goye tana nan kwance a taɓo.

Ni da gubar dalma nake ji a rediyo ina ɗauka maganar Zamfara ce kawai. Kowa ya tuna 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka daɗe suna aiki a wurin. Gaskiya ba zan haɗa namu da nasu ba, can ƙura ce mai yawa yara ke shaƙa kullum. Amma gubar ɗaya ce, kuma ɗan yayar nan tawa yace min Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara babu wani ɗan adadin dalma a jinin yaro da za'a ce ba komai, ƙwaƙwalwa take taɓawa kuma abin da ta ɓata baya dawowa. Na tuna sau nawa naga yarana suna tofar da ƙwaya daga cikin nama suna dariya. Waɗanda ake tofarwa ma da sauƙi, akwai ɓurɓushin da ke tarwatsewa cikin tsoka in ƙwaya ta bugi ƙashi, ido baya gani, dahuwa bata kashe shi, in ma miyar mai tsami ce ƙara narkewa yake. Uwargida da naji tana cewa Malam kenan duk farfesun da nake basu, sai naji ba daɗi wallahi, nace laifin ba naki bane.

Ashe wasu ƙasashen sun daɗe da gama wannan maganar. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar tun 1991, Denmak ta hana ƙwayar dalma gaba ɗaya a 1996, Ingila ta hana a kan agwagi a 1999, Tarayyar Turai kuma daga Fabrairun 2023 ba a harba dalma a fadama ko kusa da ita. Abin da ya tsaya min a rai shi ne agwagin da suke karewa can Turai su ne dai ke zuwa nan wajenmu, akwai ma yarjejeniyar AEWA ta tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai, Najeriya ma tana ciki, wadda ta nemi a daina dalma a fadamu. Mu nan ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana.

Nace toh ai da sauƙi, a samo min wanda ba dalma ba. Yace akwai na ƙarfe, shi yafi arha shi kuma kowa ke amfani da shi a can, amma Kawu tsaya tukuna, wace irin bindiga ce taka?

Nan aikin ya fara. Bindigar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa, mai baki biyu a jere, ƙirar Ingila, ya saye ta tun zamanin En'e a hannun wani Bature da zai koma gida. Bayan rasuwarsa na sha zirga-zirga kafin lasisin ya dawo sunana, kuma duk shekara ina bin takarduna don yanayin ƙasar nan ba na wasa da maganar bindiga bane. Ƙotar ta yi baƙi da zufan hannunsa, akwai wani ɗan tsagi a gefe da ya ɗaure da fata tun ban yi wayo ba. In ta lalace ba ni da wata, kuma ko da kuɗi ba zan samu irinta ba.

Dalma laushi gare ta, ko da farce zaka iya mata zane, shi yasa in ƙwayoyin suka iso bakin bindiga inda aka ɗan matse shi sai su lanƙwashe su wuce. Wannan matsin da gangan maƙeran suka yi shi don ƙwayoyi su tafi a dunƙule su kai nesa, su Turawa cok suke ce masa. Shi kuma ƙarfe baya lanƙwasa. In ya iso matsattsen baki a tsohon bututu mai sirin jiki, sai ya tura bututun waje, a samu kumburi kamar zobe a bayan bakin, a mai baki biyu ma har yana iya ɓalle liƙin da ya haɗa bututun biyu. Harsashin ƙarfe na zamani ana zuba ƙwayoyin cikin kofin roba mai kauri don kar su karce ciki, amma kofin baya hana kumburin in matsin ya yi yawa.

Ɗan yayata yace in cire katakon gaba in raba bututun da ƙota in duba ƙarƙashi inda yake a shafe, zan ga tambura. Shekara nawa ina goge bindigar nan ban taɓa tsayawa na karanta su ba. Na shafa alli a wurin na goge sai rubutun ya fito fari tas. Ga kambi da NP a ƙasa, ga 12, lambar faɗin bututun, cikin wani ɗan lu'u-lu'u, ga NITRO PROOF, ga 2½, ga kalmar CHOKE. Waɗannan tamburan gidan gwajin bindiga na Bamingam a Ingila ne, ma'ana an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi ta jure. Wannan labari ne mai daɗi, don da irin tsoffin nan ne masu zanen igiya a jikin bututu da aka yi don baƙin albarushi, da maganar ƙarfe ma bata taso ba. Amma tambarin da yace in nema, wata 'yar fure mai kunne uku da ake bugawa a bindigar da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi, babu ita, kuma dama ba zata kasance ba, an ƙera bindigar kafin a san da wannan.

Sai 2½ ɗin nan, shi ya fi tayar min da hankali. Tsawon gurbin harsashi ne, inci biyu da rabi, milimita 65. Na ɗauko kwalin da nake amfani da shi na duba, 70 aka rubuta. Wato shekara da shekaru ina cusa mata harsashin da ya fi gurbinta tsawo. Yana shiga lafiya lau saboda bakinsa a naɗe yake, sai an harba ya buɗe ne yake wuce gurbin ya ƙara matsi a ciki. Na daɗe ina jin tana dukan kafaɗa fiye da lokacin Baba, wani sa'in bakin kwanson ya fito a yage, ina cewa tsufa ne. Allah ne kawai ya tsare.

Ranar kasuwar Haɗeja na naɗe bututun kaɗai cikin buhu, takarduna a aljihu, na kai wa wani dattijo mai injin yankan ƙarfe wanda ya san Baba. Ya ɗaga shi ya leƙa ta hasken ƙofa ya daɗe yana juyawa, yace yaro akwai 'yan ramukan tsatsa a na dama amma basu yi zurfi ba. Ya rataye shi da zare ya ƙwanƙwasa da bayan biro, ya yi ƙara zir kamar ƙararrawa, yace liƙin na nan da ransa, da ya saki da zaka ji ƙarar ta mutu. Sannan ya ɗauko abin awonsa ya auna baki. Cikin bututun lamba 12 wajen milimita 18.5 yake, bakin na dama ya bashi 18.2, na hagu 17.5. Wato na hagu an matse shi kusan milimita ɗaya cur, cikakken matsi kenan, alhali masana cewa suke tsohuwar bindiga in za'a sa mata ƙarfe kar matsin ya wuce rabin haka, kuma ƙwayar kar ta wuce milimita 3.25. Nace Baba ko za'a iya buɗe bakin? Yace a ƙasar da aka ƙera ta ana yi, akwai masu wannan aikin da kayansu, ni kuma ba zan sa injina a bindigar mahaifinka in gwada hannu ba, in na karkace ko kaɗan ta daina harbi daidai har abada. Na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa min.

Akwai wata shawara da aka bani wadda dole in faɗe ta don na san wani zai yi tunaninta. Wani abokin harbina yace me zai hana mu buɗe harsashin dalman mu zazzage mu cika da ƙwayar boris ta keke, ai ƙarfe ƙarfe ne. Don Allah kar kowa ya yi. Ƙwayar boris an ƙona ta ta yi tauri fiye da bututun kansa, ta harsashi kuwa ƙarfe ne mai laushi da aka yi don wannan aikin, kuma albarushi da kofin da ke cikin harsashin dalma ba don ƙarfe aka auna su ba. Abin a gaban fuskarka yake tashi, da hannunka na hagu a jikin bututun.

Abin da ya rage shi ne bismot. Ni ban taɓa jin sunan ba sai lokacin. Wani ma'adini ne da ake gauraya shi da ɗan kuza, laushinsa kusa da na dalma, baya cin bututu baya kumbura baki, kuma in agwagwa ta haɗiye shi baya kashe ta. A nauyi yana tsakiya, in dalma tana 11.3 shi yana wajen 9.6, ƙarfe kuma 7.8, shi yasa mai harbi da ƙarfe sai ya ƙara girman ƙwaya lamba biyu kafin ta yi aikin dalma, mai bismot lamba ɗaya ta ishe shi. Akwai kuma na tangistan, wani an gauraya shi da roba yana da laushi, wani kuma ya fi ƙarfe tauri yana iya lalata tsohuwar bindiga, sunan ɗaya amma hali daban, toh nace ba zan shiga abin da zan iya ruɗewa ba. Kamfanonin Ingila irin su Eley da Gamebore suna yin bismot gajere daidai tsoffin bindigoginsu, don can ma akwai masu riƙe da bindigar kakanni irin tawa.

Samunsa kuma shi ne wahalar gaske. Naje Kano wajen dila mai lasisi da nake saya a hannunsa, nace Alhaji ina son harsashin da ba dalma, gajere na 65. Ya kalle ni yace tunda yake sana'ar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan, mutane arha suke tambaya da ƙarfin duka. Na nuna masa hoton ƙundun, na nuna masa tamburan, ya yi shiru sannan yace zai sa cikin odarsa amma ba alkawari. Na koma sau uku. Hunturun nan gaba ɗaya ban harba ko ɗaya a kan ruwa ba, manoma suna ta min ƙorafi dinya na cinye musu shinkafa, sai dai mu fita da gwangwani da majajjawa mu kora. Sai bayan wata bakwai ya kira yace kwali biyu sun samu, masu ƙwaya lamba 4, kuma kuɗin guda ɗaya ya sayi na dalma biyar. Na sayar da buhun shinkafa na cika.

Da na kawo gida ban yarda da rubutun kwali kaɗai ba, na sadaukar da guda ɗaya na yanka bakinsa na zazzage ƙwayoyin a faranti. Maganaɗisu bai ɗauka ba, toh ba ƙarfe bane, amma ita ma dalma maganaɗisu baya ɗaukarta, don haka na ɗora ƙwaya a kan dutse na buga da guduma. Dalma baje wa take kamar kwabo, wannan kuwa ta farfashe ta yi gari-gari. Nan hankalina ya kwanta.

Sai gwaji. Na samo manyan kwalaye na buɗe su na kafa a jikin tudu bayan gari inda ba hanya ba kiwo, na zana da'ira mai faɗin santimita 76 da gawayi, na auna mita 30 da igiya. Harbin farko da na dama gabana na faɗuwa, amma ta yi ƙara mai taushi, dukan kafaɗar nan ya ragu sosai, kwanson ya fito sumul. Ƙwayoyin sun bazu daidai ba wani babban gibi da agwagwa zata bi ta wuce. Na hagu a mita 30 ya dunƙule da kyau, a mita 40 kuma na fara ganin gibi nan da can. Shikenan na yanke wa kaina iyaka, abin da ya wuce taku arba'in ba nawa bane. Gwajin ya ci min harsashi shida, naji zafinsu amma gara a kwali da a jikin tsuntsun da zai tafi da rauni.

Bana na koma fadama da asuba kamar yadda Baba ya koya min, iska a bayana, in ɓuya cikin kacala in jira. Abin da ya canja shi ne yanzu kowane harsashi ina ji da shi, da in garke ya wuce sama can nesa sai in sake musu baki biyu ko Allah zai sa, yanzu sai sun sauko na ga farin fuskar kirinjijiya sosai kafin in yi bismillah in taɓa kunama. Dinya kuma mai tauri ce, gashinta kamar sulke, ita sai ta matso fiye da haka ma. Duk wadda na kawo gida ina tsaga ƙundun da kaina kafin in miƙa wa uwargida, kuma cikin goma sha huɗu da na samu bana biyu na tarar da tsohuwar dalma a cikinsu, waɗannan na binne su.

Ƙanina da ke da bindigar Baikal ƙirar Rasha mai baki ɗaya shi lamarinsa ya fi sauƙi, gurbinta 70 ne kuma jikinta da kauri, mun kai an auna bakin, in an samu wanda zai rage matsin zai iya amfani da na ƙarfe na talakawa mai arha, sai dai ya kiyaye ƙarfe yana tsalle in ya bugi ruwa ko dutse, ga masunta a kwale-kwale da sassafe, kuma in harsashin ya jiƙe ƙwayoyin na yin tsatsa su manne wuri ɗaya.

Wanda ya fi damuna Kawu ne, ƙanin Baba, mai bindigar toka. Shi tsohon batirin mota yake fasawa ya narka dalmar a gwangwani a murhun tsakar gida, jikoki na zagaye da shi suna kallo. Naje na durƙusa na gaishe shi na kawo maganar a hankali, yace ɗan nan tun kafin a haife ka nake wannan ga ni garau. Ban ja da shi ba, nace Kawu kai ka girma, su waɗannan ƙananan fa da suke wasa da tokar suna sa hannu a baki, na tuna masa Zamfara. Bai ce min komai ba ranar. Bayan kwana biyu matarsa ta aiko a faɗa min ya kwashe gwangwanin da batiran ya kai bukkar gona, ta share tokar murhun ta binne a bayan gari. Harbin da dalma dai bai daina ba, ina nan ina binsa.

Harsashin bismot 24 suka rage min, suna cikin gwangwanin madara da tsumma a saman rumbu inda laima bata kaiwa. Na riga na kira Alhaji ya sa min kwali biyu cikin odar gaba, yace wannan karon wani mutumin Guri ma ya tambaya.